Gwangwani da rula sun isa ka san ruwan da ya sauka a gonarka

Toh jama'a duk shekara sai an yi wannan gardamar a majalisa, wani ya ce ruwan jiya ya isa shuka wani ya ce ko ƙura bai kwantar ba, kuma fa dukkansu gaskiya suka faɗa don ruwan farkon damina haka yake, ya zuba a ƙauyen gabas kamar da bakin ƙwarya ku kuma yayyafi kawai kuka samu. Ni dai shi ya sa na koma awo.

Ka nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin babban na tumatir ko na madarar gari, ka yanke murfin gaba ɗaya. Kar ka sa bokiti ko kwano, bakinsu ya fi gindi faɗi, ƙarya za su yi maka. Ka kafa turke a fili nesa da bishiya da katanga da indararo, in bishiyar tsayinta mita 5 ne ka ba ta aƙalla mita 10, ka ɗaure gwangwanin a kai ya zauna daram ba a karkace ba, ya ɗan yi sama saboda fallatsin ƙasa da awaki, su yara kuma sai dai ka ja musu kunne. In gonar da nisa gara a kafa shi can, ba a tsakar gida ba.

Kullum da safe lokaci ɗaya, misali kafin ka karya, ka tsoma rular 'yan makaranta ka duba milimita nawa ta jiƙe, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka zubar da ruwan. In ka bari sai azahar rana ta shanye wani abu daga ciki. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ka rubuta sifili, wallahi wannan sifilin ya fi komai amfani don shi ke ƙirga maka kwanakin fari. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda, ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar shuka kuwa, ƙa'idar da masana ke bi a yankinmu na Sahel ita ce a samu kamar milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan kar a yi fari fiye da mako guda a kwana 30 da ke biye. Rabin farko gwangwaninka zai faɗa maka, ka haɗa da tona ƙasa da hannu ka ga inda laima ta kai. Rabi na biyun ne ke cinye iri, kuma nan hasashe ke shigowa.

A Najeriya hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari, jiha jiha. A Nijar akwai hukumar yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET a Yamai, kuma rediyo kan karanto adadin ruwan da garuruwa suka samu. Ka tambayi malamin gona na yankinku ranar faɗuwar ruwa da aka sa muku. In ruwa ya zo sati uku kafin ranar, ni ba na zuba duk irina, ko shamuwa ta cika gari, sai dai in shuka gero kaɗan in jira, masara kam ba ta da haƙurin gero.

Hasashen waya kuma a yi hankali da shi. In ya rubuta 70% ba wai ruwa mai yawa yake nufi ba, yiwuwar saukarsa yake faɗa, kuma sau da yawa na babban gari mafi kusa ne ba na ƙauyenku ba. Na yau da gobe da jibi ana iya aiki da shi, na kwana goma kam ka kalla ka wuce. Inda yake taimakona shi ne sa takin yuriya da feshi, in na ga alamar ruwa mai ƙarfi ko hadari ya haɗo daga gabas sai in dakata, don kuɗin buhu yanzu ba na wasa ba ne a ce ruwa ya wanke shi.

Masu gona a fadama ko bakin kogi irin mutanen Haɗeja da Auyo, ku gwangwani kaɗai bai ishe ku ba musamman a malkar Agusta zuwa Satumba, ruwan da zai cinye shinkafarku daga sama yake gangarowa ta wajen madatsun ruwan Tiga da Challawa, kuna iya kwana uku ba ɗigo amma kogi na ta cika. Ku kafa sanda mai zane a bakin ruwa ana duba ta safe da yamma, ku saurari gargaɗin ambaliya na hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna, sannan ku samu lambar wani ɗan'uwa da ke sama da ku wanda zai bugo in ya ga ruwa ya taso.