Yadda ake farfaɗo da tsohon firji ba tare da an ƙona kwamfuresa ba

Tsofaffin firji irin su Kelvinator da Frigidaire, masu kaurin ƙarfe da ƙofa mai sakata, har yanzu ana samunsu jibge a ɗakunan ajiya a Sakkwato. Da yawansu kwamfuresarsu, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, lafiya lau take. Abin da ke kashe ta shi ne gaggawar jona wuta don a ga ko yana aiki.

Fara da ɗan farantin da ke manne a bayansa. Nan aka rubuta ƙarfin wutar da yake ci, irin gas ɗinsa da nauyin gas ɗin. In na Amurka ne mai bolt 110 zuwa 120, sai da taransifoma mai rage wuta, domin tamu 230 ce. In kuma a kwance aka ɗauko shi a mota, a bar shi tsaye awa 24, man kwamfuresa da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa.

Wayoyi kada ka yi musu rowa. Robar tsohuwar waya takan bushe ta farfashe, ɓeraye su ƙarasa sauran. Sauya ta da mai jijiya uku, kauri milimita 1.5, ka ɗaure jijiyar ƙasa a jikin ƙarfen firjin.

Sai gwajin kwamfuresa, wuta a cire. Zare rile, ɗan makunnin da ke tayar da ita, za ka ga ƙusoshi uku: C, S da R. Auna su bibbiyu da mita a ma'aunin om. C da R ne mafi ƙanƙanta, C da S ya fi shi, S da R kuma jimillar biyun ne. In ka samu 10 da 25, na ukun ya zama 35. Daga nan ɗora tsinken mita ɗaya a kowace ƙusa, ɗayan a jikin kwamfuresa inda ka kankare fenti. In mita ta motsa, wayar ciki ta ƙone, sai sabuwar kwamfuresa. In kwamfuresa ta tsallake wannan amma da an jona sai ta yi gurnani na 'yan daƙiƙu, a ji ƙas, ta yi shiru, yawanci rile ne ya lalace ko wuta ta yi ƙasa. Sauya rile da abin kariyar zafi tare, masu daidai da ƙarfinta, kafin ka yanke mata hukunci.

Gas shi ne na ƙarshe da za a taɓa, kuma nan aka fi yin ɓarna. Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, galibi a ɗakin ƙanƙara inda aka sha sa wuƙa ana ɓamɓaro ƙanƙara. Mai gyaran da ya ɗura sabo bai nemo hudar ba, kuɗinka kawai ya ci. A hura naitirojin, a bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, a like hudar. Kada a kuskura a hura iskar oksijin ta walda, domin in ta gamu da mai fashewa take yi. Duk lokacin da aka buɗe bututu, a sa sabuwar daraya, wato matatar da ke tsotse danshi, a zuƙe iska da famfon zuƙa aƙalla minti 30. Danshin da ya rage ciki daskarewa yake a bakin siririn bututu, sanyi ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa.

Yawancin waɗannan firji gas ɗin R12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsa ga sararin sama. R134a ba ya jituwa da tsohon man da ke cikin kwamfuresa, sai an sauya man ko kwamfuresar baki ɗaya. R600a yana jituwa da man, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin R12 ake zubawa, a kan sikeli ba da ka ba, amma yana kama wuta, ga shi tamostat, mai daidaita sanyi, da makunnin fitilar tsohon firji suna tartsatsi a fili. Sauya kwamfuresa zuwa ta R134a ya fi kwanciyar hankali. Tsofaffi tukuf kuwa, irin GE Monitor Top da ya fito a 1927, wasu iskar farar wuta mai shaƙe numfashi ke cikinsu, ba a yanka bututunsu a cikin ɗaki.

Ragar baya tana cika da ƙurar hunturu, a bazara kuma zafin Sakkwato ya haura digiri 40, kwamfuresa ta yi ta aiki ba hutu. Goge ragar da burushi, ka bar santimita 10 tsakaninta da bango. Robar ƙofa, maƙale takarda ka rufe ka ja; in ta zare salin alin, robar ta mutu. Tsatsa a goge ta da sanfefa, a shafa fentin hana tsatsa kafin na ado, ragar baya dai a ƙyale ta.

A haɗa shi da sitabilaiza mai jinkiri, don in an ɗauke wuta an dawo da ita ya jira minti 5 kafin ya tashi. Bayan awa 24 yana aiki, ma'aunin zafi a tsakiyarsa ya nuna digiri 3 zuwa 5.

Sakatar ƙofa kuma, in akwai yara a gidan, a cire harshenta a sa maganaɗisu. Irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki, shi ya sa Amurka ta yi dokar hana ta tun 1956.