Yadda Za Ka Nemi Haƙƙinka Bayan Haɗarin Babur a Sakkwato

Duk wanda yake zirga-zirga a titunan Sakkwato ya san yadda lamarin yake kasancewa idan mota ta buge mai babur ko ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Jama'a sukan taru nan take, a ɗaga wanda ya faɗi, a kakkaɓe masa ƙura, sannan a fara cewa "a yi hanƙuri, ƙaddara ce," direba kuma ya ciro 'yan dubbai ya ce a sayi magani, ya shiga motarsa ya wuce. Sai bayan kwanaki, lokacin da ƙafa ta kumbura kuma likita ya ce sai an yi aiki, iyali suke gane cewa ko lambar motar ba wanda ya riƙe. Yarda da ƙaddara wajibi ce ga Musulmi, amma ba ta hana neman haƙƙi, domin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ne a kan kisan kuskure, wato inda babu wanda ya yi niyyar cutar da wani.

Abu na farko shi ne rai. A kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112, ko kuma a ɗauki majinyacin a hankali zuwa asibiti mafi kusa, musamman idan ya bugu a kai ko yana kukan wuya da baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa, saboda haka ba daidai ba ne a bar mutum yana zubar da jini ana jiran takardar 'yan sanda. Yayin da wasu suke wannan hidima, wani daga cikin 'yan uwa ko abokai ya tsaya a wurin da wayarsa, ya ɗauki hoton lambar motar, da yadda babur ɗin yake kwance kafin a matsar da shi, da fasassun gilasai, da sawun birki a kan kwalta, wanda ƙura da tayoyin wasu motoci sukan shafe kafin la'asar. Ya kuma karɓi suna da lambar wayar waɗanda suka ga abin da idonsu. Shaidar mai shayi ko mai faci da ke bakin titin ta fi amfani a kan ta mai wucewa, domin shi gobe ma za a same shi a wurin.

A nan akwai matsalar da ya kamata a faɗa a fili. Mutane da yawa sun fi natsuwa da mai ɗori, kuma da zarar an ji karaya ce sai a wuce da majinyaci gida. Sai dai kotu da kamfanin inshora ba sa aiki da labari, da takarda suke aiki. Idan ba a yi hoton ƙashi ba, kuma babu katin asibiti mai ɗauke da ranar haɗarin, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya cewa raunin daga wani wuri ya samo asali, ko kuma ɗorin ne ya lalata ƙafar. Saboda haka a fara da asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, a kuma nemi rahoton likita a rubuce wanda ya bayyana irin raunin da abin da zai iya haifarwa nan gaba. Kowane rasit a adana shi a jaka guda, har na bandeji da na allurar da aka saya a kemis, a kuma ɗauki hotonsa da waya, tunda rubutun irin waɗannan takardu yakan dushe cikin 'yan watanni. A sami littafi a riƙa rubuta kuɗin zuwa asibiti da kwanakin da mutum ya yi bai fita neman abinci ba.

Sai kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru, inda sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa zai zana taswirar wurin, ya ɗauki bayanin kowane ɓangare, ya kuma sa jami'an VIO su duba lafiyar motar da babur ɗin. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta maka shi cikin harshen da kake ji ba. Ka faɗi abin da ka gani kawai, ba tare da ƙari ba kuma ba tare da ɗora wa kanka laifi don kunya ba. Ka sani kuma cewa gurfanar da direba bisa tuƙin ganganci shari'a ce tsakaninsa da hukuma, neman diyyarka kuwa ƙara ce dabam wadda kai ne za ka shigar.

Mutane kaɗan ne suke tunawa da inshora, alhali doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga watan Janairu na 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, tare da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, babur kuwa naira 3,000 da iyakar naira miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar gyaran babur ɗinka, lissafin rauni da rasa rai kuwa dabam yake. Ka nemi kwafin takardar inshorar direban, a duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na intanet, wato NIID, domin tabbatar da cewa ba ta jabu ba ce, sannan a sanar da kamfanin a rubuce da wuri. Idan kamfanin ya yi ta jan ƙafa, ana iya kai kuka ga NAICOM. Idan kuma babu inshorar, haƙƙinka bai faɗi ba, yana nan a wuyan wanda ya yi ɓarnar, kuma idan direban yana kan aikin wani kamfani ne ko maigidansa a lokacin, ana iya haɗawa da su a cikin ƙarar. Wanda ya yi haɗari yana bakin aikin da aka ɗauke shi, kamar mai kai saƙo, ya tambayi lauya game da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata, wato NSITF, take gudanarwa.

Ganin lauya da wuri yana da muhimmanci saboda doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, kuma idan motar gwamnati ce ko jami'in gwamnati a bakin aiki, wa'adin zai iya zama wata 3 kacal. Wanda ba shi da hali ya je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take da ofishi a kowace jiha, domin dokarta ta 2011 ta ƙunshi neman diyyar haɗari ga masu ƙaramin ƙarfi. Idan lauya mai zaman kansa ne, a yi maganar kuɗinsa tun ranar farko, a rubuta ko biya za a yi ko kaso zai ɗauka daga abin da aka samu. Ka ba shi kwafin takardu, ka riƙe na asali, kuma kada ka ɓoye masa komai. Idan ba ka sa hular kwano ba, ko kun hau ku uku, ko ba ka da lasisi, gara ya ji daga bakinka, domin kotu takan rage diyya gwargwadon sakacin wanda ya ji raunin.

Lauyan ne zai ba da shawarar kotun da ta dace. A Babbar Kotu ana neman kuɗin da aka kashe, wanda sai an tabbatar da shi dalla-dalla da rasit, da kuma diyyar raɗaɗi, nakasa da asarar hanyar samu, wadda alƙali yake ƙiyastawa. A kotun shari'ar Musulunci, tsakanin Musulmi, mazhabar Malikiyya ta ƙayyade cikakkiyar diyyar rai a raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, raunin da ba a ƙayyade ba kuma alƙali ya ƙiyasta shi bayan ya warke. Wannan jiran warkewa yana da hikima, kuma ya kamata a yi aiki da shi ko a wajen kotu.

Yawancin irin waɗannan matsaloli da sulhu suke ƙarewa, a zauren mai unguwa ko gaban limami ko shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, kuma sulhu alheri ne. Abin da nake roƙo shi ne kada a matsa wa majinyaci ya ce "na yafe" yana kwance a gadon asibiti, kafin likita ya faɗi ko zai sake iya hawa babur. Idan dattawa suka zo, a karɓe su da mutunci, a ce musu, "Baba, mun gode, amma a bari mu ji ta bakin likita tukuna." Duk kuɗin da aka karɓa kafin nan a rubuta cewa na magani ne, ba na rufe magana ba. In an rasa rai kuma a cikin magada akwai marayu ƙanana, rabonsu ba abin da wani zai yi kyauta da shi ba ne don a ce ya yi kirki. Idan aka daidaita, a rubuta adadin kuɗin, da ranakun biya, da wanda zai ɗauki nauyin aikin da likita ya ce za a sake yi, shaidu biyu su sa hannu, lauya ya duba takardar kafin kai ka sa naka.