Yadda Ake Bin Sawun Gidan Ƙuruciya a Waƙoƙi da Zane-zanen Tagore

Duk mai son fahimtar sha'irin da ya haɗa waƙa da zane, yana da kyau ya fara da gidan da aka rene shi. Rabindranath Tagore na Indiya, wanda ya karɓi lambar Nobel ta adabi a 1913, ya isa misalin da za a koyi wannan aiki da shi.

Da farko kada girman gidan ya ɗauke maka hankali. An haifi Tagore a 1861 a Jorasanko da ke birnin Kalkata, a wani katafaren gidan attajirai mai cike da mawaƙa da marubuta, amma wannan bayani bai isa ya buɗe maka baiti ko ɗaya ba. Abin da za ka tambaya shi ne inda ake zaunar da yaron, da kuma iyakar abin da idonsa ke hangowa daga wurin. Mahaifinsa ya cika tafiye-tafiye, don haka renonsa ya koma hannun barorin gida. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin wani bara mai suna Shyam, wanda yakan zaunar da shi kusa da taga, ya zana da'ira da alli kewaye da shi, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya tsallake, sannan ya tafi sha'aninsa. Yaron ya riga ya san wahalar da Sita ta sha a tatsuniyar Ramayana bayan ta ƙetare irin wannan layi, saboda haka sai ya wuni yana leƙe ta tsakanin katakon tagar. Ƙasa da shi akwai tafki mai matakala inda maƙwabta ke zuwa wanka, kowa da salonsa, ga jerin itatuwan kwakwa, ga kuma wata tsohuwar bishiyar banyan, dangin ceɗiya, wadda saiwoyinta suka sauko suka yi duhu a gindinta.

Idan ka riƙe wannan taga a zuciyarka, sai ka koma kan rubuce-rubucensa kana yi musu alama duk inda ta sake bayyana. Za ka same ta ƙarara a wasan kwaikwayonsa Dak Ghar na 1912, inda yaro Amal, da likita ya hana shi fita saboda rashin lafiya, yake zaune yana tare masu wucewa da hira. A ganina har makarantar da ya kafa a Santiniketan a 1901, inda ake karatu a ƙarƙashin bishiyoyi, amsa ce ga waccan da'ira ta alli.

Zanen ya fi wuyar sha'ani, domin sai da ya haura shekara 60 ya kama shi gadan-gadan. Ka nemi hotunan rubutun hannunsa na wajajen 1924, inda yakan soke kalmomin da bai so, ya haɗa soke-soken da tawada har su zama siffar tsuntsu ko wata baƙuwar dabba. Daga nan ya kai ga zane sama da 2,000, aka kuma baje kolin wasunsu a Paris a 1930. Ka duba fuskokin mata masu lulluɓi, dogaye, da idanu masu nauyi, suna fitowa daga cikin duhu kamar a ɗakin da hasken taga ɗaya kawai ke shiga.

Nan ne ake yawan zamewa. Masu sharhi da dama suna danganta waɗannan fuskoki da Kadambari Devi, matar yayansa, wadda ta shigo gidan tana yarinya, ta zama abokiyar wasansa kuma mai sauraron waƙoƙinsa na farko, ta kashe kanta a 1884. Alaƙar tana da tushe, sai dai mayar da kowace fuska tata ragwanci ne, domin mahaifiyarsa ma a gidan ta rasu a 1875, kuma sashen mata gaba ɗaya duniya ce da yaron ke hange daga nesa. Ka rubuta zato a matsayin zato, ka ware shi daga abin da mawaƙin ya faɗa da bakinsa.

Wanda ya sami ikon zuwa Kalkata, gidan yana nan a matsayin gidan tarihi a harabar Jami'ar Rabindra Bharati, har da ɗakin da Tagore ya rasu a cikinsa ranar 7 ga Agusta 1941.