Yadda ɗalibi zai nemi rancen NELFUND da wayarsa ba tare da ya biya kowa ba

Tun ranar 24 ga Mayu, 2024 da aka buɗe shafin rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ɗalibin jami'ar jihar Kaduna (KASU) ko na Kaduna Poly ko na ABU Zariya ba ya buƙatar zuwa Abuja ko kamun ƙafa da wani babba. Wayarsa da ɗan data sun isa. Abin da ke damuna shi ne har yanzu ina ganin ƙannenmu a shagunan kafe suna miƙa BVN ɗinsu ga wanda ba su sani ba, su kuma biya shi kuɗin aikin da kyauta ne.

Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, kuma ba shi da kuɗin ruwa. Wannan ne ya kwantar da hankalin iyaye da dama da ke tsoron riba.

Kafin ka taɓa shafin, ɗauko takardunka ka zauna: lambar NIN mai alƙaluma 11, BVN, lambar rajistar JAMB, lambarka ta makaranta, takardar samun gurbi da katin shaidar ɗalibi. Yanzu ka jera su ka duba sunanka. A nan ake yawan tuntuɓe. A NIN kai Muhammad ne, a banki Mohammed, a JAMB kuma an sa sunan mahaifinka a gaba. Ko ranar haihuwa ta bambanta, saboda lokacin rajista wani ne ya cike maka. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Idan ka ga saɓani, fara gyara shi a banki ko a hukumar NIMC mai ba da NIN, ko da zai ci maka makonni. Gara wannan da ka tura takarda ta maƙale.

In komai ya daidaita, rubuta nelf.gov.ng da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp. Shafin zai nemi bayanan makarantarka da lambar JAMB da NIN don ya tabbatar kai ɗalibi ne. Idan ya ce bai gano ka ba, yawanci makarantarka ce ba ta ɗora sunanka ba tukuna, don haka sai ka je ofishin harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar ka yi magana. Mai kafe ba shi da maganin wannan.

Daga nan sai ka buɗe asusu da imel ɗinka na kanka, wanda kake iya buɗewa, domin ta nan saƙon tabbatarwa zai zo. Ka cike sauran bayanai, ka ɗora hoton takardun da aka nema, ka sa asusun banki mai sunanka. Hoton ya fito sarai, ka ɗauka da rana.

Sannan neman rancen kansa. Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura shi ga makarantar, ba ya bi ta hannunka. Na biyu kuɗin ɗawainiya ne, naira 20,000 a wata, shi ne ke shiga asusunka, kuma ba dole ba ne ka nema. Shawarata, idan gida na iya ɗaukar abincinka da kuɗin mota, tsaya ga kuɗin makaranta kawai.

Dalili kuwa bashi ne. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko ribar sana'a. Ka zauna da Baba ko Mama ku tattauna wannan kafin ka danna turawa, sannan ka riƙa leƙa shafin lokaci zuwa lokaci don ganin inda takardarka ta kai.