Kafin kafinta ya buga kwanon sabon ɗaki

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai ƙara ɗaki a jikin gidansa nan Damagaram, don Allah ya tsaya da kansa ranar haɗa katako.

Inda katakan gefe ke haɗuwa da babban katakon doron rufi, nan ne ake yawan yin ganganci. A sa zarto a yanke bakin kowane katako a karkace, ya kwanta lif a jikin na doron, kar a bar ratar da yatsa zai shiga. Kuma su zo biyu-biyu suna fuskantar juna, na dama daidai da na hagu. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, a ɗora langa-langa ta haye doron ta kama duka biyun.

Bara a Garin Malam, iskar farkon damina ta yaye rufin maƙwabcina gaba ɗaya, muka tsinci ƙusoshin a miƙe cikin yashi. Wallahi abin ya taɓa ni, yara na ciki.

Ƙasan kowane katakon gefe kuma a ɗaure shi da ƙarfen 6 (rodi mai kaurin milimita 6) da aka binne cikin gini. A shafe duka da baƙin mai saboda gara.