Darasi na Bakwai: Horar da Kwikwiyo da Lada

Mafarauci da makiyayi da mai gona duk suna buƙatar kare mai jin magana. Ko a Alƙur'ani, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, an ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki. Horon kuwa tun kare yana ƙarami ake fara shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyo in ya kai mako 8 da haihuwa, lokacin da ya dace a raba shi da uwarsa, ya isa a fara koya masa.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Duk abin da kwikwiyo ya yi ya samu daɗi nan take, zai sake yi. Abin da ya yi bai samu komai ba, a hankali zai daina. Aikinka shi ne ka tabbata daɗin ya biyo bayan abin da kake so.

Irin ladan da za a ba shi

A tanadi abin da ya fi abincinsa na kullum daɗi: dafaffiyar hanta, dafaffen nama marar kitse, dafaffen ƙwai, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. A yanka ƙanana, kowanne kada ya wuce ƙwayar wake. Kwikwiyo ba girman loma yake dubawa ba, yawan samu yake dubawa. Kuma babbar loma tana cinye lokaci wajen tauna, kafin ya gama ya manta abin da ake ciki. Gutsure 15 zuwa 20 sun isa zaman horo ɗaya. Duka irin wannan ladan na yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa, in ba haka ba cikinsa zai ɓaci. Hanta musamman, in ta yi yawa, tana sa zawo.

Kada a ba shi tsire ko kilishi. Yaji da gishirinsu sun yi masa yawa, ga albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare. Cakulan da inabi da zabibi guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji.

Wanda ba shi da halin sayen nama kullum, ya ɗebi rabin abincin kwikwiyon na safe ya riƙa ba shi da hannu kaɗan-kaɗan a wajen horo. Shafa ƙirji, wasa da tsumma, da sakinsa ya yi gudu, su ma lada ne.

Lokaci shi ne komai

A nan yawancin mutane ke kuskure. Kwikwiyo yana haɗa lada da abin da yake yi a daidai wannan lokacin ne kawai. Tsakanin aikin da ladan kada a wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Misali ka ce ya zauna, ya zauna, sai ka tsaya kana laluben aljihu. Kafin ka fito da naman ya miƙe ya dafa ƙafarka, ka ba shi. A ganinka ladan zama ka biya. A ganinsa kuwa, ladan dafa ƙafa ya karɓa, kuma gobe abin da zai yi maka ke nan.

Maganin wannan shi ne kalmar yabo guda ɗaya, gajeriya, kamar "Yauwa!" Ga yadda ake koya masa ita. Ka ce "Yauwa!", ka ba shi gutsure. Ka dakata kaɗan, ka sake. Yi haka sau 10 zuwa 15, kwana biyu ko uku. Za ka gane ta shiga ranar da ka faɗa ya ɗaga kunne ya dubi hannunka. Daga nan, da zarar ya yi daidai sai ka faɗi kalmar, sannan ka ɗauko ladan a natse. Amma fa a farkon horo, duk lokacin da ka ce "Yauwa!" dole lada ya biyo baya, in ba haka ba kalmar za ta mutu.

Zama ɗaya minti 3 zuwa 5 ne, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci. Ƙosasshen kwikwiyo ba ya kula nama. Da sanyin safiya ko bayan la'asar ya fi, a wurin da babu yara da kaji.

Koya masa sunansa da "Zo"

A ce sunansa Duna. Kira sunan sau ɗaya. Da ya waigo, ka ce "Yauwa!" ka ba shi. In bai waigo ba, kada ka yi ta nanatawa, Duna, Duna, Duna, sai sunan ya koma hayaniya a kunnensa. Tafa hannu ko ka matso kusa, sannan ka sake gwadawa.

In ya san sunansa, ja da baya taku biyu, ka durƙusa, ka ce "Duna, zo!" da murya mai daɗi. Da ya iso, kama wuyansa a hankali da hannu ɗaya, ka ba shi lada da ɗayan. Wannan yana hana shi ɗabi'ar warce nama ya tsere. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan: taku biyar, taku goma, sannan daga bayan ɗaki. A waje, a ɗaura masa doguwar igiya kamar mita 5 har sai ya ƙware.

Kada ka taɓa kiran kwikwiyo ya zo ka doke shi, ko da takalminka ya tauna. Sau ɗaya ya isa ya koya masa cewa amsa kira haɗari ne, kuma karen farauta ko na kiwo da ba ya amsa kira ba shi da amfani.

Koya masa "Zauna"

Riƙe gutsure tsakanin yatsu biyu daidai hancinsa. Ɗaga hannun a hankali zuwa saman kansa, ka ɗan yi baya da shi. Hancinsa zai bi, gindinsa zai sauka. Da ya taɓa ƙasa, "Yauwa!", lada. In tsalle yake yi, hannunka ya yi sama da yawa. In baya yake ja, yi a jikin bango. Kada a danna bayansa. Sai ya saba da motsin sannan ka fara cewa "Zauna" kafin ka ɗaga hannu.

Bayan kamar sau goma, ka riƙa yin motsin da hannu babu komai, ladan yana aljihu. Wanda ya tsallake wannan mataki zai samu kare da ba ya aiki sai ya ga nama.

Kaji, tsalle da cizon wasa

In ya dafa mutum, a juya masa baya, ba magana, ba turewa, domin turewar ma wasa ce a wurinsa. Da ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa, a yaba masa. In ya kama hannu da haƙori, a daina wasan, a ba shi tsumma ko igiya ya tauna. Wajen wata huɗu zuwa shida yana famfara, don haka tauna za ta ƙaru.

Batun kaji kuwa, riƙe shi da igiya nesa da su. Duk lokacin da ya dube su ya juyo gare ka, ba shi lada. Matso kaɗan gobe. Kada a bari ya ɗanɗana korarsu, domin gudun da kansa daɗi ne da ya fi hanta.

Wasu suna ganin duka ne ke sa kare zafin gadi. Duka tsoro yake sa shi, kuma kare mai tsoro yana iya cizon yaran gida.

Rage ladan

In yana yin daidai sau takwas ko tara cikin goma, a fara ba shi abinci wani lokaci, wani lokaci yabo da shafa kawai, yadda ba zai san ranar samu ba. In aka koma sabon wuri, kamar gona ko bakin rafi, a dawo da lada kowane lokaci na ɗan kwanaki. Duk mutanen gida su riƙe kalmomi iri ɗaya. In maigida yana cewa "Zo", yara suna cewa "Taho", kwikwiyo ne zai rikice.

Lafiya

Kwikwiyon da ya ƙi lada kwatsam, ko yake amai ko zawo, a kai shi wurin likitan dabbobi. A nemi maganin tsutsar ciki, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare in ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. A wanke hannu da sabulu bayan kowane horo. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Aikin gida

1. Rubuta abinci uku da za a iya ba kwikwiyo lada da su, da uku da ba a ba shi.
2. In zama ɗaya minti 4 ne, ana yi sau 3 a yini, minti nawa ke nan a mako?
3. Me ya sa ba a kiran kwikwiyo don a doke shi?