Yadda ake ɗanɗana baƙin cakulan har a ji bambancin ƙasa da ƙasa

Baƙin cakulan ɗin nan da ake rubuta sunan ƙasa ɗaya a kwalinsa, wato duk kokon wuri guda aka noma shi, ba a yi masa cin gaggawa. Mutum ya zuba kuɗi a shagunan Wuse 2 ko Maitama ya zo ya tattaune ya haɗiye ya ce ɗaci kawai ya ji, to ai dole.

Ka sayi kala biyu ko uku amma lambar jikin kwalin, wato kason koko da ke cikinsa, ta zo ɗaya, in 70% ne duk su zama 70%, don in ka haɗa mai 85% da mai 60% bambancin suga kawai za ka ji. Duba bayan kwalin, koko da man koko da suga sun isa, in an cusa wani mai daban ka mayar kan kanta.

Babbar matsalarmu a Abuja zafi ne. Man koko yana narkewa wajen digiri 34, mu kuwa a watan Maris har mu wuce haka, shi ya sa wani in ka buɗe za ka ga fari-fari a jikinsa, ya narke ne ya sake daskarewa. Ba ya cutarwa amma laushin ya tafi. 'Yan Jos dai sun huta. In firij za ka sa, rufe shi ruf a roba kar ya kwashi warin albasa da daddawa, kuma ka fito da shi ya saki sanyi kafin a fara.

Kar ka zauna ɗanɗanawa bayan cin yaji ko goro. Karya ɗan gutsure, mai kyau ƙas yake yi. Shinshina, ɗora a harshe, ka bar shi ya narke da kansa kana fitar da numfashi ta hanci. Ɗaci ne ke fara zuwa, yi haƙuri, abin da ka biya kuɗi dominsa a baya yake. Na Madagaska, musamman na kwarin Sambirano, tsami gare shi kamar zoɓo, na Ekwado ƙamshin fure, na Gana kuma shi ne ɗanɗanon cakulan da kowa ya sani. In bauri ya kama baki ya ƙi saki, sau da yawa kokon ne bai tsumu sosai ba kafin a shanya.

Kurɓi ruwa mara sanyi tsakanin kowanne, kuma ka bar na Madagaska a ƙarshe don tsaminsa yana danne na Gana. In ka samu wanda aka yi da kokon Ondo ko Ikom, sa shi kusa da na Gana.